Ɗan marfin bamba: na wa ne a idon doka?

A jikin bambar gaba ta yawancin ƙananan motocin da aka ƙera don kasuwar Turai akwai wani ɗan marfi na roba da bai kai tafin hannu ba. Wani zagayayye ne, wani mai kusurwa huɗu, an shafa masa fenti irin na motar har ido bai cika kula da shi ba. Sai ya ɓace ake tunawa da shi. Mai lura da ya bi titunan Maraɗi, daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, ko ya kama hanyar Tibiri ko ta Jiratawa, zai ga motoci da dama da rami a buɗe a daidai wurin. Wata an toshe mata da tsumma, wata an liƙe da gam, wata kuma an huda marfin an ɗaure shi da waya don kada ya sake faɗuwa.

Rairayi ne babban mai laifi. Yawancin lungunan unguwa ba su da kwalta, da damina kuma hanyoyin da ke gangarawa fadamar Gulbin Maraɗi sukan riƙe mota har sai an zo da wata an ja ta. A cikin wannan gaggawa babu mai neman littafin mota ya duba yadda ake buɗe marfin. Sukudireba ake cusawa a ɓalle shi, haƙoransa su karye, a jefa shi cikin but ko a bar shi cikin laka. Idan mai motar ya je neman wani wurin masu kayan gyara, amsar da ya fi ji ita ce: "Alhaji, ba a sayar da shi shi kaɗai, sai dai ka ɗauki bambar gaba ɗaya."

To me zai hana wani mai sana'a a Maraɗi ya zuba irin wannan marfi da yawa, ya riƙa sayarwa? Akwai wanda ya mallake shi a doka? Abin ya yi kama da wasa, amma a kan sassan mota an kai ƙara har kotunan ƙoli na Ingila da Amurka da Tarayyar Turai.

Yadda ramin ya samo asali

Tsofaffin direbobi sun san zamanin da babu wannan magana. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka ci hanyar Maraɗi zuwa Katsina shekara da shekaru, bambarsu ƙarfe ce mai walƙiya, kuma wurin ɗaura igiya yana ƙasa a fili. A 1972 Renault 5 ta fito da bambar roba, sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali. A motar yau abin da ake gani daga waje kwasfa ce kawai ta roba, ƙarfen da ke ɗaukar karo yana ɓoye a bayanta. Can jikin ƙarfen ne aka yi rami mai zare, inda ake murɗa zoben jan mota, wanda ake ajiyewa kusa da jak. A motocin Volkswagen da Audi da yawa zaren na hagu ne, wato baya ake murɗa shi kafin ya ɗaure, abin da ya sa yaran gareji da dama suka sha gumi a kansa.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1005 ta 2010 ta wajabta wa motoci wurin ja a gaba, ƙananan motocin ɗaukar mutane kuma har da baya, kuma dole wurin ya iya jure ƙarfin da ya kai aƙalla rabin nauyin motar da kayanta. Tunda dole a huda kwasfar, dole a rufe hudar. Akwai kuma wasu ramukan: na bututun da ke fesa wa fitila ruwa, na fitilar hazo a motar da aka sayar babu ita, na na'urar da ke ƙara idan an kusa bango.

Wanda ya juya marfin ya dubi bayansa zai ga cewa an zauna an yi tunani a kansa. Akwai 'yan haƙora biyu ko uku a gefe guda masu shiga su kama, da wani harshe a ɗaya gefen da ake fara cusawa. A wasu, idan aka danna kusurwa ɗaya da babban yatsa, sai ɗaya kusurwar ta ɗago, ba a bukatar ƙarfe ko kaɗan. Da yawa suna da 'yar siririyar wutsiya ta roba mai kai kamar kibiya, wadda ke maƙale a cikin bambar don marfin ya yi lilo maimakon ya faɗi. Za a kuma ga lambar kayan, da haruffa irin su PP, alamar irin robar da aka zuba shi da ita. Masu waldar roba suna duba waɗannan haruffa, domin idan za su ɗinke tsagar bamba da ƙarfe mai zafi, sai sun yanko ɗan tsiri daga matacciyar bamba mai irin robar, in ba haka ba ɗinkin ba ya kamawa.

Sharuɗɗa uku

Nijar ba ita da kanta take bayar da takardar haƙƙin ƙirƙira ba. Tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, tare da Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Chadi, Senegal da sauransu. Tushen ƙungiyar yarjejeniyar Libreville ce ta 1962, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta maye gurbinta, aka yi mata gyara a 1999, aka sake wani a Bamako a 2015. Takarda ɗaya daga Yawunde tana aiki a dukan ƙasashen 17, tsawon shekara 20 daga ranar da aka shigar da bukata, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara.

Kafin a ba mutum takardar, sai abin da ya kawo ya cika sharuɗɗa uku: ya zama sabo, ya zama akwai hikimar da ba kowane gwanin sana'ar zai hango ta nan take ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Na ukun ba ya wahalar da marfin bamba. Na farko da na biyun ne ke kayar da masu nema.

Tunanin a rufe rami da marfi ba na kowa ba ne. Tun kafin a yi mota ake rufe tulu da faifai. Wanda ya je ofishin rajista ya ce ya ƙirƙiro "marfin da ke rufe ramin bamba" zai koma gida hannu rabbana. Abin da kamfanonin mota da masu yi musu sassa ke nema a ba su ya fi haka ƙunci nesa ba kusa ba: wani tsari na musamman na haƙoran, ko yadda wutsiyar ke zama madogara lokacin da marfin ke juyawa, ko yadda za a zuba marfin da bambar a mazubi ɗaya don fentinsu ya zo daidai. A kundin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire na duniya, bamba tana ƙarƙashin lamba B60R 19, kayan jan mota kuma B60D, kuma akwai takardu da yawa a kan irin waɗannan marafa. Kowace takarda tana kare abin da aka zayyana a cikin da'awarta ne kawai. Wanda ya rufe rami iri ɗaya da wani tsarin haƙora dabam bai taka haƙƙin kowa ba.

Sharaɗi na biyu ya fi jawo gardama, kuma shari'ar da aka fi ambata a kansa a Amurka a kan wani ɗan ƙarfen mota aka yi ta. Kamfanin Teleflex ya kai KSR ƙara kan totur da ake iya matsarwa gaba ko baya, wanda aka haɗa da na'urar lantarki mai gaya wa inji yawan takawar da aka yi. Ranar 30 ga Afrilu 2007 kotun ƙolin Amurka ta ce duka biyun sanannu ne, kuma haɗa sanannun abubuwa ta hanyar da aka saba, a samu sakamakon da kowa zai yi tsammani, ba ƙirƙira ba ce. Idan aka auna marfin bamba da wannan ma'auni, ɗaura masa wutsiya kawai da wuya ya wuce, domin marfin tankin mai ya daɗe da tasa. Amma idan wutsiyar ta warware wata matsala da ta gagari masu sana'ar, misali ta hana marfin goge fenti yayin da yake lilo, kuma ta hanyar da ba a taɓa nunawa ba, sai mai bincike ya saurara. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da ke Munich shi ma kusan haka yake tambaya: wace matsala aka warware, kuma gwani da ya san abin da ya gabata zai kai ga wannan mafita da kansa?

Fuskar marfin tana da tata doka

Bayan marfin na dokar ƙirƙira ne, fuskarsa kuma ta dokar fasali ce, wato rajistar kamannin abu. A nan ne kuɗin suke, kuma a nan aka fi faɗa, domin wanda bambarsa ta fashe ba shi da zaɓi: dole sabuwar ta yi kama da tsohuwar sak. Idan kamfanin da ya ƙera motar ya mallaki kamannin, to ya mallaki kasuwar gyaranta.

Ingila ta ci karo da wannan a shari'ar British Leyland da Armstrong, kan salansar motar Marina. A 1986 Majalisar Dattawan ƙasar, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce wanda ya sayar wa mutum mota ba zai dawo ya hana shi samun kayan gyaranta ba. Amurka ta bi wata hanyar. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa Ford haƙƙinta a kan fasalin bonet da fitilar motar F-150, duk da ƙorafin ƙungiyar masu sayar da sassan jiki. Amma a watan Mayun 2024, a shari'ar kamfanin LKQ da General Motors kan bangon da ke saman tayar gaba, kotun ta rushe wani tsohon ma'auni da ya sa ƙalubalantar irin wannan rajista ke da matuƙar wuya. Rajistar fasali a can shekara 15 take yi.

Turai kuwa ta kwashe shekaru fiye da 20 tana jan magana kafin ta tsaya a wuri ɗaya. Faransa, wadda ta daɗe tana kare Renault da Peugeot, ta buɗe kasuwar gilashin mota ga kowa daga 1 ga Janairu 2023, ta kuma rage kariyar sauran sassan da ake gani daga shekara 25 zuwa 10. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta zartar da doka cewa rajistar fasali ba za ta hana ƙera sashen da ake sawa don mayar da abu kamanninsa na asali ba, sai dai ta bar wa tsofaffin rajistoci wa'adi har zuwa Disamban 2032 a ƙasashen da ke kare su. Dokar Turai tana da wani sharaɗi da ya dace da marfin nan sosai: sashen mota ba ya samun kariyar fasali sai idan ana ganin sa lokacin da ake amfani da motar, kuma siffar da dole a yi ta haka don abu ya shiga cikin ɗan'uwansa ba a mallakarta. Haƙoran baya ke nan sun fita daga lissafi.

A ƙasashen OAPI rajistar fasali shekara 5 ce, ana iya sabunta ta sau biyu, jimla 15.

Abin da ya rage a Maraɗi

Duk waɗannan shari'o'i ba su da iko a Nijar, kuma wannan shi ne abin da masu sana'a suka fi bukatar sani. Takardar ƙirƙira tana tsayawa ne a iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Wadda aka samu a Japan ko Jamus ba ta hana kowa komai a Zariya ko Tibiri. Mai ƙirƙira yana da wata 12 daga shigar da bukatarsa ta farko, bisa yarjejeniyar Paris ta 1883, ya nemi kariya a wasu ƙasashe, ko kimanin wata 30 idan ya bi ta tsarin PCT na ƙasa da ƙasa. Idan wa'adin ya wuce bai nema a Yawunde ba, abin ya zama na kowa a ƙasashen 17. Kowace ƙasa da aka ƙara tana cin kuɗin rajista da na lauya da na fassara, shi ya sa kamfanoni ke zaɓar wuraren da ake ƙera motoci da inda ake sayar da sababbi da yawa.

Ga kuma shekaru. Motocin da suka fi yawa a Maraɗi na hannu ne, waɗanda suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa. Shekara da shekaru ta Kwatano suke biyowa, su haura Parakou da Malanville, su ƙetare kogi a Gaya, su bi Dosso da Birnin Ƙonni, wasu su tsaya a nan, wasu su zarce Najeriya ta Dan Issa da Jibiya. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk abin da ya tsawaita hanya yana ƙara wa kayan gyara tsada, yana kuma sa a daɗe ana lallaɓa tsohuwar mota. Corolla ƙirar 2003 duk wata takardar ƙirƙira da aka nema a kan marfinta kafin ta fito ta riga ta mutu, a ko'ina a duniya. Wasu ma ba sa kai shekara 20 ɗin, domin kamfani yakan daina biyan kuɗin shekara da zarar ya sauya ƙira.

Kuma matacciyar takarda ba a binne ta. Sharaɗin bayar da ita shi ne mai ƙirƙira ya bayyana yadda abin yake dalla-dalla, da zane, yadda gwani zai iya maimaitawa. Shafin Espacenet na ofishin Turai yana ɗauke da takardu sama da miliyan 100, kyauta, ana buɗe shi ko a waya. Ɗalibin makarantar fasaha ta Dan Kassawa ko na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai iya ganin yadda injiniyoyin Toyota ko Renault suka tsara haƙoran marfi, da dalilin da ya sa suka yi su haka. Abin da ke hana a ƙera marfin a Maraɗi ba doka ba ce. Mazubin ƙarfe ne mai tsada, da wutar lantarki da ba ta tsayawa, da kuma yawan ire-iren motoci, tunda kowace ƙira da nata marfi, hagu dabam dama dabam. Injin da ke buga abu da narkakkiyar roba daga zanen kwamfuta ya fi dacewa da irin wannan kasuwa ta ɗai-ɗai, sai dai robar da aka fi sa masa tana laushi a zafin bazara, dole a zaɓi mai jure rana.

Inda hatsarin yake shi ne suna. Tambarin kamfani ba ya mutuwa muddin ana sabunta shi duk shekara 10, kuma manyan kamfanonin mota ba sa wasa da rajistarsa. Ko a Turai, inda aka sassauta dokar fasali, ba a sassauta wannan ba. A 2015 kotun Tarayyar Turai ta ce 'yancin gyara bai ba wani kamfanin Italiya damar sa tambarin Ford a kan marafan taya ba. Ranar 25 ga Janairu 2024 ta ce Audi na iya hana sayar da ragar gaban mota wadda aka yi wa mazaunin tambari mai siffar zobba huɗun kamfanin. Mai ƙera marfi a Maraɗi da ya kwafi siffa ya sa nasa suna, ya rubuta cewa yana shiga mota kaza, yana kan turba mai kyau. Wanda ya buga sunan Toyota da lambarta a bayan marfin don a ɗauka na asali ne ya shiga sahun masu jabu, kuma yarjejeniyar Bangi ta tanadi tara da ɗauri a kan haka.

Idan kayan za su tsallaka Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, lissafi ya canza, domin Najeriya ba ta cikin OAPI. Tana da tata dokar ta 1970, rajistarta a Abuja take, kuma ba ta zurfafa bincike kan ko abu sabo ne kafin ta bayar da takarda, kotu ake bar wa wannan idan rigima ta taso. Takardar Yawunde ba ta aiki a Jibiya, ta Abuja ba ta aiki a Dan Issa. Motar da ta shigo ta wucin gadi kuwa, yarjejeniyar Paris ta kare ta: ba a tsare babbar motar Kano a Maraɗi don wani sashe na jikinta yana da mai haƙƙi a nan.

Saura mai sana'ar da shi ne ya ƙirƙiro. Maraɗi gari ne da maƙera ke mayar da gatarin tsohuwar mota amalanke, masu zubi ke narka tarkacen alminiyom su fitar da tukunya, masu gyaran injin ban-ruwa a lambunan Jiratawa ke yi wa famfo dabarun da babu su a littafi. Ba abin mamaki ba ne wani ya fito da marfin da ya fi na kamfani dacewa da ƙasar nan, wanda rairayi ba ya cushe masa haƙora, ko wanda ake buɗewa sau da yawa bai karye ba. Yarjejeniyar Bangi ta tanadi ƙaramar takarda domin irin wannan gyaran fuska ga kayan aiki ko wani sashe nasu. Shekara 10 take yi, kuma sharaɗinta bai kai na babbar tsauri ba. Sunan OAPI ba baƙo ba ne a yankin, tunda ta hannunta aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista, amma yawancin bukatun takardar ƙirƙira da ke isa Yawunde daga wajen ƙasashen ƙungiyar suke zuwa.

Tarkon da ke kama ɗan gida shi ne al'adar sana'a kanta. Mai hikima a gareji yakan fara yi wa maigidansa ko wani direba, a gwada a hanya, a yaba, makwabta su zo su gani, wani ya ɗauka a waya ya tura WhatsApp. A idon dokar ƙirƙira abin ya daina zama sabo tun ranar da ya fita fili, ko da mai shi ne ya fitar. Rangwamen wata 12 da yarjejeniyar Bangi ta bayar na wanda aka tona masa asiri da zalunci ne, ko wanda ya nuna a bajekolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, ba na wanda ya sayar a kasuwar Litinin ko ta Juma'a ba. Bukatar kuma da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta, da zane da da'awa a jere, a shigar ta ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ko ta hannun wakili a Yawunde. Gyaran 2015 ya kawo binciken ƙwaƙwaf kan ko abin sabo ne, saboda haka wanda ya yi niyya gara ya fara duba lamba B60R 19 a waya kafin ya biya kuɗin mota.